Igiyar Kaba da Sarƙar Ƙarfe

Ni dai ban san ranar da haushin kare ya canja a ƙasar nan ba. Da can in kare ya yi haushi, magana yake yi: ko baƙo ne ya doso, ko akuya ce ta tsallake shinge, ko maciji ne a gindin rumbu, kuma mai karen yana jin muryar zai gaya maka wanne ne ba tare da ya tashi daga tabarma ba. Yanzu fa? Ka bi sababbin unguwannin Bodinga da rana tsaka, bayan kowace ƙofar ƙarfe akwai wata murya a shaƙe tana yi ba ƙaƙƙautawa, ga ƙarar sarƙa tana gogar siminti. Wannan ba haushi ba ne, kuka ne, kuma masu gidajen sun toshe kunne sun kunna fanka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya daga cikin gidajen nan na autana ne, ɗan cikina.

Auta ma'aikaci ne a Sakkwato, ya yi gini a nan gida, ya zagaye shi da katanga har da waya a sama. Da aka fara maganar ɓarayi sai ya je birni ya ɗauko wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu, irin na ƙasashen sanyi, ya sa masa wani suna da bakina bai taɓa yarda ya faɗa ba. Ya ɗaure shi da sarƙa a gefen janareto, a kan siminti, a tsakiyar bazarar Sakkwato, inda ko ƙadangare ba ya yarda ya daɗe. Tsawon sarƙar taki uku ne nawa, na auna. Wata biyu ba a yi ba karen ya fara cizge gashin cinyarsa da haƙori, ya koma kan wutsiya, har wurin ya yi ja yana ruwa. In an buɗe ƙofa sai ya yi tsalle ya ja sarƙar har ya miƙe a kan ƙafafun baya, harshe waje, idanu kamar za su faɗo. Ran nan na je gidan, na tarar da tulin gashi iska tana wasa da shi a tsakar gida, Auta kuma yana tsaye da waya a hannu, fuska a murtuke.

"Baba, karen ga ya haukace," in ji shi. "Likitan dabbobi ya zo ya duba shi, yac ce babu ciwo. To in babu ciwo, mi ka sa shi cin naman jikinai? Jiya nic ce bari in zagaya da shi, yaj ja ni yak kayas bakin masallaci gaban mutane, riga ta kece, yara suna ta dariya. Na kira maharbi. Ran Assabar shi zo shi gama da shi."

Na dubi karen, na dubi ɗana. Wallahi ji na yi kamar an buɗe wani ɗaki da na kulle shekara da shekaru. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mu a lambu muka tashi, a fadamar Danchadi, hannun Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Da an gama girbin gero da dawa sai a saki dabbobin gari su yi ta yawo, mu kuma mu gangara fadama dashen albasa. Ba injin ban ruwa, jigo ne. Har yau in na rufe ido ina jin kukansa, ƙiiii in ya sunkuya, sai facal na guga, sai ruwa ya bi lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙanshin lawashi da ɗanyar ƙasa ya cika hanci. Tun hantsi kana ja har kafaɗa ta mutu. Shinge na ƙaya ne, kuma ƙaya ba ta taɓa hana jaki mai yunwa abin da ya yi niyya ba. Saboda haka kowane lambu da karensa. Kare ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarmar salla, kwanonsa daban, amma ba wanda ya raina shi, don kowa ya san albasar da za a kai kasuwa da rabonsa a ciki. In an kawo mana tuwo daga gida, Baffa shi yake fara gutsura ya jefa masa kafin ya kai loma bakinsa.

Akwai yadda ake yi wa kare a lambunmu, ban sani ba ko haka ake yi a wasu wurare. Sau ɗaya tak ake ɗaure shi a rayuwarsa. In an kawo kwikwiyo ya ɗan tasa, Baffa zai zauna ya tufka igiyar kaba da hannunsa, siririya, da gangan ba ya yi mata ƙwari. Sai ya ɗaure shi a turken jigo, a ba shi ruwa da abinci, a ƙyale shi. Zai yi kuka, zai ja, zai gaji, sai dabara ta zo masa ya juyo ya kama igiyar da haƙori. Kwana biyu, kwana uku, ya tsinke ta. To daga nan ake ganin gaskiya. In ya kama hanya, ba a binsa. In aka zo aka tarar da shi kwance a gindin jigo da guntun igiya a wuya, shi ke nan, ya zama karen lambu, kuma igiya ba ta ƙara taɓa wuyansa har ya mutu. Na taɓa tambayar Baffa me ya sa ba za a sa igiyar rama mai ƙwari ba a huta. Ya harare ni ya ce, "Igiyad da kare ba ya iya tsinkewa ba igiya ba ta, kurkuku na. Kai kana son mai gadi ko kana son ɗan kaso? Wanda yaz zamna don ya so, shi ka tsare ma dukiya."

Karen da na tashi samartaka da shi wani ja ne mai farin ƙirji, siriri, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Baffa ya sa masa suna Ƙyale-su, wai don maƙwabtan lambu da ke yawan magana su ji. Shi ma ya tsinke igiyarsa ya zauna. Ƙyale-su ya san awakin kowa a garin, ya san wadda ake kora da haushi da wadda sai an ɗan kama mata ƙafa. Ya san bai kamata ya taka fangali ba, kan kunya yake bi kamar mutum. Laifinsa ɗaya, ya fi ƙaunata a kan kowa. Duk inda na sa ƙafa yana baya.

Shekarar da aka ba ni mata a Mandera, can wajen Shagari, na ari keke, na sa rigar da ta sha bugu, na tafi gaisuwar surukai. Ban waiwaya ba, don ina ta shirya gaisuwar da zan yi a kaina. Ashe Ƙyale-su yana bin keken nan a guje duk tsawon hanyar, cikin rana. Surukina malami ne mai makarantar allo, dattijo mai kwarjini. Ina durƙushe a zaurensa, kai a sunkuye, an ajiye mini ƙwaryar ruwa, sai kawai na ji laƙaf-laƙaf a gefena. Na ɗaga ido, ga karena, ya sa baki a ƙwaryar surukai yana sha, wutsiya na kaɗawa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malam ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ba komi, ɗana. A bar shi shi sha, ƙishirwa shika ji, ya yi tahiya. Ƙwarya a wanke ta sau bakwai, magana ta ƙare."

A wurinsa ta ƙare. Amma bayan zana akwai ƙawayen amarya suna leƙe, sai na ji wata ta ce, "Ashe angon namu har da abokin ango yaz zo!" Dariya ta ɓarke. Kafin in kai gida sunan ya riga ni. A bakin rijiya, a kasuwa, a majalisar samari, kowa sai ya ce, "Ina abokin ango?" Ni kuma lokacin jini yana tafasa, ga girman kai, ina ganin duniya ba ta da aiki sai kallona.

Baffa ya tafi Kajiji ta'aziyyar mijin ƙanwarsa, zai yi kwanaki, lambu yana hannuna. Na je wurin maƙerin unguwarmu na karɓo wata tsohuwar sarƙa, na ja Ƙyale-su zuwa gindin tsamiyar da ke ƙarshen lambu, na ɗaure shi. Bai yi gardama ba, yana ta lasar hannuna, don a zatonsa wasa ne. Ranar farko ya juyo ya kama sarƙar da haƙori, kamar yadda ya yi yana kwikwiyo. Ya tauna, ya tauna, har dasashinsa ya yi jini. Da ya gane wannan ba ta tsinkewa, sai ya fara ja. Ina jigo ina jin ƙararta, kacau, kacau, in ya gaji ya kwanta ya zuba mini ido. Rana ta huɗu na ga ya fara cizge gashin cinyarsa, yana tofarwa. Na gani da idona. Ba zan yi ƙarya in ce ban lura ba. Na ce a raina, shi ya sani, gobe ma ya ƙara bin keke. Wannan maganar ita ce har yau in ta faɗo mini nake jin kamar in mari kaina.

Ranar Juma'a na yi wanka na tafi masallaci a Bodinga, na tsaya hira bayan salla, ban dawo ba sai da la'asar ta gota. Tun daga nesa na ji muryarsa, ta dushe, ba ta fita sosai. Jakuna da shanun gari sun ture shinge ta gabas sun shiga. Albasar da muka sha wuya a kanta tun dashe, ta fara ƙwai, sun cinye lawashin, sun tattake sauran cikin laka. Shi kuwa Ƙyale-su yana tsaye a kan ƙafafun baya, sarƙa ta miƙe, ya haƙa rami da farce a gabansa, wuyansa ya yanke zagaye, jini ya jiƙe farin ƙirjin nan. Duk abin da aka yi a gabansa aka yi. Aikinsa ke nan da ya sani tun yana kwikwiyo, ni na hana shi.

Washegari Baffa ya dawo. Na tsaya ina jiran duka, har na fi son dukan. Ya shiga lambu, ko kallon albasar bai yi ba. Ya wuce kai tsaye gindin tsamiya, don har lokacin ban kwance karen ba, tsoron taɓa ciwon nake yi. Ya durƙusa, ya kwance sarƙar a hankali, ya wanke wuyan da ruwan guga, ya shafa masa man shanu. Sannan ya miƙe ya ajiye sarƙar a gabana.

"Baffa, albasa..." na fara.

"Yi man shiru da zancen albasa," in ji shi. "Albasa tana toho ko an tattake ta. Nan wurin," ya nuna wuyan karen, "ba shi toho har abada. Don 'yan mata sun yi ma dariya? Kai da anka ba amanar lambu, kak kasa riƙon amanar wanda ka tsaron lambun. Ashe girman jiki kawai kay yi."

Ƙyale-su ya kwana biyu a gindin jigo, ba ya ci. Rana ta uku muka zo babu shi. Na ce zan bi sawu, Baffa ya ce ba a bin wanda ya tafi, kuma na fi kowa sanin haka. Sai bayan damina biyu na gan shi a kasuwar Shagari, ranar da na kai albasa. Yana bayan wani makiyayi daga wajen Kajiji, ya yi ƙiba, kunnen nan ɗaya a kwance, wuyansa da zobe fari fat, babu gashi ko ɗaya. Na ce wa mutumin karena ne. Ya dube ni ya dogara sandarsa ya ce, "To kira shi. In ya bi ka, naka na." Na kira sau uku, a gaban jama'a, ba ruwana da wanda zai yi dariya. Ya ɗago ya dube ni, ya gane ni sarai. Sai ya zagaya ya koma bayan ƙafafun makiyayin ya kwanta. Ban sake ajiye kare ba tun daga ranar, kuma ban taɓa gaya wa 'ya'yana dalili ba.

To ga shi yau ɗana yana tsaye a gabana, an yi masa dariya a bakin masallaci, zai huce a kan dabbar da shi ya ɗaure. Ni aƙalla ina da Baffa. Su 'yan yanzu wa suke da shi? Sun ga ana yi a birni sun kwaso. Suna son kare ya tsorata ɓarawo, amma ba sa son ya taka ƙasa. Suna ƙyamar taɓa shi wai tsarki, amma ba sa ƙyamar barinsa cikin kashinsa a rana. Malamanmu na da, da suka fi su karatu nesa ba kusa ba, ƙwarya kawai suke wankewa. Komai yanzu an yi shi don kada ya tsinke: igiyar roba, sarƙa, kwaɗo, waya. Kaba ma sai da na aika har ƙauye kafin a samo mini.

Na ce masa, "Mahaukacin kare gudun ruwa shikai. Wanga ba ka ga yadda shika laƙe kwano ba? Auta, ba shi na mahaukacin ba cikin gidan ga. Ka ba ni shi in kai lambu."

"Baba, zamani ya canza. Karen bana shi ka maganin zomon bana. Wanga ba irin naku na da ba na. In ya kuɓuce ya ciji ɗiyan wani fa?"

"Ni ka zamnawa da shi. Ka ba ni kwana ukku. In ya tsinke ya gudu, maharbinka shi bi shi, ba ni cewa komi. In ya zamna, nawa na."

Ya yarda, ba don ya gamsu ba, sai don ba a yi wa uba musu sau uku. Aka saka karen a bayan mota aka kai Danchadi. Lambun yana nan, babban ɗana ke nomansa, jigo ya daɗe da tafiya, inji ke ta tatata a bakin rijiya. Tsamiyar ce kawai ta rage, ita ma na ƙi in dube ta da kyau. Na kafa turke a inuwarta, na zauna na tufka igiya. Yatsuna sun sandare, abin da Baffa ke gamawa kafin a sha fura ni sai da na kai azahar. Na cire sarƙar, na ɗaura masa igiyar sakwa-sakwa ƙasa da ciwon da sarƙar ta yi masa a wuya. Kullum da safe a ɗauko ni a babur, in zauna nesa kaɗan, in jefa masa tuwo.

Ranar Asabar da hantsi Auta ya biyo ya ɗauke ni a motarsa, maharbin yana jiran waya. Tun kafin mu sauka muka ji haushi. Awaki uku sun shiga ta ƙarshen lambu suna cin lawashi. Karen yana tsaye, ya miƙe wuya gaba, ƙafafun gaba suna tashi sama suna dawowa, yana haƙar ƙasa, yana shaƙewa. Auta ya ce, "Ka gani ko, Baba, har yanzu ja shikai." Muka matsa kusa. Igiyar tana yashe a ƙasa, a tsinke, ya taune ta tun cikin dare. Babu abin da ke riƙe da shi. Amma ya tsaya daidai taki uku daga turke, ya yi zobe a ƙasa da sawunsa, ya kasa ƙetarawa.

Auta ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta maƙale. Sannan ya ce a hankali, "Baba, to mi ka riƙe da shi?"

"Kai na," na ce masa. Raina ya ɓaci. "Kai na ka riƙe da shi. Ni kuma ni nir riƙe wani gabaninka, gindin iccen ga."

A nan tsaye, awaki suna cin albasar yayansa, na ba shi labarin Ƙyale-su tun daga keke har kasuwar Shagari. Da na gama ya je ya kori awakin da kansa, da takalminsa mai sheƙi cikin laka, ya dawo ya kira maharbin ya ce ya bari. Sarƙar tana bayan motarsa, ban tambaye shi abin da ya yi da ita ba.

Ban ce na huce ba. Har yanzu in na bi unguwannin nan na ji ƙarar sarƙa a kan siminti, ji nake yi kamar in buga ƙofa ɗaya bayan ɗaya in zazzage masu gidan, a ce tsoho ya ruɗe. Amma wanda ke hannuna shi zan iya. Kullum da safe ina zuwa da tuwo, in zauna a kan kunya, kowace rana in ƙara ja baya taki ɗaya. Kwana biyar na farko yana tsayawa a bakin zobensa yana kuka, tuwon yana gabansa, ni ma in ƙi matsawa, mu yi ta kallon juna. Rana ta shida ya sa ƙafa ɗaya waje, ya tsaya yana jiran a fizge shi. Ba a fizge shi ba.

Yau da safe na zauna a fangali na huɗu. Na buɗe baki zan kira shi, sunan da ya fito ba nasa ba ne, wanda na kira sau uku ne a kasuwar Shagari. Ya taho a hankali, kan kunya, bai taka albasa ko ɗaya ba, ya kwanta kusa da ƙafata. Na duba cinyarsa, gashi ya fara fitowa, wutsiyar ma haka. Sai na sa hannu na ɗaga haɓarsa na duba wuyan. Nan wurin bai yi toho ba.